Injin wankina yana gurnani amma ba ya juya kaya, wai motonsa ne ya ƙone?

Maman Ilham, Fadaman Mada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin kan abin ku ba ni shawara kafin in zubar da kuɗi. Injin wankina mai baho biyu ne, irin wanda ake zuba wa ruwa da bokiti, mai cin kilo 7. Kwanakin nan in na murɗa taima sai in ji yana gurnani ƙasa-ƙasa, ya yi shiru, ya sake, amma faifan da ke ƙasan bahon ko motsi ba ya yi. Ɓangaren matsar kaya kuwa lafiya lau yake juyawa. Na kira wani mai gyara, ko bayan injin bai buɗe ba, saurarawa kawai ya yi ya ce moto ne ya ƙone. Kuɗin da ya yanka min ya kusa rabin kuɗin sabo. Baban Ilham ya ce in dakata tukuna. Ga wanki ya taru, yara duk 'yan makaranta ne.

Ummu Sadik, Gida Dubu:
Wa alaikumus salam. Yaya, kafin komai duba maɓallin tsakiyan nan, wanda ake murɗawa a zubar da ruwa. A injina da yawa in yana kan zubar da ruwa, ɓangaren wanki ba ya tashi sam. Yara na iya murɗa shi ba ki sani ba.

Maman Ilham, Fadaman Mada:
Na duba ƙanwata, yana kan wanki. Har na mai da shi kan wanki mai ƙarfi, duk ɗaya.

Baban Walid, Yelwa:
Kafasita ce, 'yar gwangwanin nan da ke taimaka wa moto ya tashi. Ku rubuta ku ajiye. Duk injin da ke gurnani bai tashi ba kafasita ce, daga fanka har injin jan ruwa. Ki aika yaro ya sayo, a canza, magana ta ƙare.

Oga Mai Firiji, Wunti:
Hajiya sannu da ƙoƙari. Ni sana'ata ke nan, firiji da injin wanki. Ba zan ce abokin sana'ata ƙarya ya yi ba tunda ban ga injin ba, amma ba a yanke wa moto hukunci da kunne kaɗai. Baban Walid ma ya yi gaggawa, ko da yake ta yiwu ya dace.

Gurnanin nan da kike ji labari ne mai daɗi. Yana nuna wuta tana wucewa ta filogi, ta bi ta taima, ta isa moto. Shirun da yake yi ya sake kuma, taima ce ke aikinta, domin ita ce ke sa moto ya juya dama, ya tsaya, ya juya hagu. Da shiru kika ji ɗif, da sai mu fara neman waya da ɓera ya ci, ko fis, ko taimar kanta. Saura abu uku: ko wani abu ya riƙe faifan, ko moto ba ya samun abin da zai tura shi ya tashi, ko kuma shi moton ne. Na ukun shi ne mai tsada, don haka shi ake bari a ƙarshe.

Ga abin da za ki yi, ba ya buƙatar ko sisi. Zare filogi daga soket, zarewa nake nufi, kashe soket bai wadatar ba. Zubar da ruwan, kwashe kayan. Sa hannu ki juya faifan dama da hagu, ki faɗa mana yadda kika ji shi: ya ƙi motsi ne, yana tafiya da ɗan nauyi, ko yana wulwulawa sakayau kamar ba a haɗe yake da komai ba. Kowanne da fassararsa. Kuma don Allah ki daina kunna shi kina saurare. Moton da wuta ke shiga bai juya ba zafi yake tarawa, in bai ƙone ba a da, a haka zai ƙone.

Hajiya Babba, Jahun:
Ikon Allah. Mu da muka yi rainon 'ya'ya da baho da sabulun salo ba mu taɓa kiran makanike ba. 'Yar nan, ki ba ɗan wanki kayan makarantar kafin su gama muhawararsu, Litinin ba ta jiran kowa.

Maman Ilham, Fadaman Mada:
Mama ai na ba shi na wannan satin, amma in na ɗore a haka kuɗin gyaran ne zai tafi a wanki. Oga na gwada. Da ƙyar yake motsi, sai na sa hannu biyu, kuma ina jin wani ƙaras-ƙaras a ƙarƙashinsa.

Oga Mai Firiji, Wunti:
Madalla, mun fara ganin hanya. A tsakiyar faifan akwai ɗan murfin roba, ki ɓamɓare shi da bakin wuƙa a hankali. A ƙarƙashinsa akwai sukuru guda. A samu sukundireba babba wadda ta cika kan sukurun, mutum ɗaya ya danne faifan, ɗaya ya kwance. In aka sa ƙarama kan sukurun zai cinye, daga nan aiki ya zama biyu. In ya yi tsatsa a ɗiga masa ɗan mai a bar shi ya sha. Bayan sukuru ya fita, faifan sama ake ɗaga shi a miƙe. In ya ƙi, a zura igiya ko tsumma mai ƙarfi ta ƙarƙashinsa gefe biyu a ja tare. Kada a sa ƙarfe a banƙare, bahon roba ne, in ya tsage ba ya ɗinkuwa.

Baban Walid, Yelwa:
Duk wannan dogon zance ne. Hanya mafi sauƙi, a kunna shi, yana gurnanin a sa hannu a ɗan tura faifan. In ya ɗauka ya ci gaba da juyawa, kafasita ce. Haka muke yi wa fanka.

Ɗan Poli, Gwallameji:
Baba, da girmamawa, wannan gwajin gaskiya ne a ilmance amma kada a ce wa uwar gida ta yi shi. Fanka a bushe take a sama. Wannan kuwa ruwa ne, ga mutum tsaye a jiƙaƙƙen siminti, wataƙila ba takalmi. Wutarmu bolt 230 ce, kuma gidaje nawa ne a garin nan soket ɗinsu ke da wayar at ta gaske, wato wadda ke kwashe yoyon wuta zuwa ƙasa? Yawanci waya biyu aka ja, ramin na uku ado ne. Wasu ma sun yanke filogin da injin ya zo da shi sun cusa waya tsirara a soket. In akwai yoyon wuta a jikin moto, jikin mutum ne zai zama hanyarta zuwa ƙasa. In dole sai an yi gwajin, mai gyara ya yi shi ba ruwa a ciki, da busasshen itace, yana sanye da takalmin roba.

Baban Walid, Yelwa:
To ɗan boko, mun ji. Amma za ku dawo kan maganata.

Amaryar Tumfure, Gombe:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda ga masana. Nawa mai sarrafa kansa ne, mai murfi a sama. Yana ɗaukar ruwa, sai ya tsaya yana ƙara yana nuna wasu haruffa, ba ya wanki. Shi ma kafasitar ce?

Oga Mai Firiji, Wunti:
Amarya naki daban ne, kada ki haɗa. Mai sarrafa kansa ba ya fara juyawa sai ya tabbatar ruwa ya kai inda aka ce masa. Akwai siririn tiyo da ya taso daga ƙasan baho zuwa wata 'yar na'ura a sama, ruwa na hawa iska na matsuwa a cikin tiyon, da haka yake gane yawan ruwa. In tiyon ya tsage ko ya toshe, injin bai san ruwa ya cika ba. In kuma ruwan ne ke zuwa a hankali, misali tankinku bai da tsawo, ko 'yar ragar da ke bakin shigar ruwa ta cika da yashin burtsatse, zai jira ya gaji ya tsaya. Kwance tiyon ruwa daga bayansa, zaro ragar ki wanke da tsohon buroshi. Sannan ki duba murfi, akwai maɓallin da murfi ke dannawa in an rufe, wasu injinan ba sa motsi sai ya danna. Haruffan da yake nunawa kuma suna cikin littafin da ya zo da shi, kowane kamfani da nasa, kada ki ɗauki fassarar na maƙwabciya.

Maman Ilham, Fadaman Mada:
Jama'a innalillahi. Baban Ilham ya dawo mun cire faifan. Abin da na gani ni kaina sai da na ji kunya: allurar hijabi har da masu tsatsa, ribom, ƙwallayen dabino daga aljihun yaran nan, yashi kusan cikin tafin hannu, da wani baƙin datti mai wari. Babban abin shi ne zare, gezar wani mayafina da na daɗe ina mamakin yadda ta ƙare, ta nannaɗe sandar ƙarfen da faifan ke zama a kai tam, sai da reza muka yanke ta. Mun wanke, mun mayar. Yanzu da yatsa ɗaya ma yana juyawa.

Ummu Sadik, Gida Dubu:
Alhamdu lillahi! Kin ga an huta.

Maman Ilham, Fadaman Mada:
Ina fa. Mun zuba ruwa mun kunna, gurnanin ne dai. Sau ɗaya ya ɗan yunƙura kamar zai tafi sai ya tsaya. Na kashe da sauri.

Baban Walid, Yelwa:
Me na ce?

Oga Mai Firiji, Wunti:
Baban Walid a yi haƙuri, ko da kafasitar ce, da an sa sabuwa a kan wannan zaren da ba ta yi komai ba, sai a ce ai ga shi an canza bai yi ba, lallai moto ne. Haka ake sayar wa mutane moton da ba sa buƙata.

Hajiya, wace wuta kuka kunna da ita?

Maman Ilham, Fadaman Mada:
Ta gwamnati ce, da daddare aka kawo.

Ɗan Poli, Gwallameji:
Anti, lokacin yaya ƙwan ɗaki da fanka suke? Da daddare kowa ya kunna kayansa, wutar unguwa kan faɗi. Ƙwan zamani ba ya nunawa sosai, amma fanka ba ta ɓoyewa, in kin sa ta a lamba ta ƙarshe tana tafiya kamar ta biyu, wutar ba ta da ƙarfi. Moto a lokacin tashi yana jan wuta ninkin abin da yake ja in ya riga ya ɗauki gudu, shi ya sa raunin wuta a nan yake fara bayyana. Haka ƙaramin janareta, wanda bai kai kilowat ɗaya ba, in an riga an ɗora masa firiji. Doguwar waya siririya da ake ja daga ɗaki zuwa tsakar gida ita ma tana cin nata rabon.

Maman Ilham, Fadaman Mada:
Fanka tana gudu sosai, kuma ta sitabilaiza muka haɗa, tana nuna 220 da 'yan kai. Ɓangaren matsa ma ai yana tashi da ƙarfinsa.

Oga Mai Firiji, Wunti:
To an cire wuta daga lissafi. Yanzu sai bayan injin. A zare filogi, a kwance murfin baya, sukurori ne ƙanana. Za ku ga moto biyu, ɗaya a ƙarƙashin bahon matsa, ɗaya a gefen bahon wanki. Na wankin yana da ƙaramin fuli, bel ya tashi daga kansa zuwa wani babban fuli da ke ƙarƙashin giyabos, shi giyabos ɗin ne ke riƙe da sandar faifai.

Ku duba bel. In ya faɗo ko ya tsinke za a gani, amma ban zata ba, domin in bel ne moto ba gurnani yake ba, gudu yake sakayau faifai na tsaye. A danna tsakiyarsa da yatsa, ya kamata ya ɗan lotsa kaɗan kawai. In ya saki, ko gefensa ya yi sheƙi, ko akwai baƙin gari a ƙasa, ya kusa mutuwa. Da lambarsa a jiki, ita ake kaiwa kasuwa.

Sai a juya ƙaramin fulin da hannu, a ji ko moto na tafiya sumul. A kai hanci kusa da shi. Moton da ya ƙone ba ya ɓoye kansa, warin ƙonannen fenti yake, wayoyin kwail ɗin, wato waɗanda aka nannaɗe a cikinsa, sun yi baƙi maimakon launin jan ƙarfe. A duba ko akwai alamar ruwa na ɗiga daga giyabos, farin gishiri-gishiri ko tsatsa a kan fuli, domin in robar da ke tare ruwa ta mutu, ruwan sabulu a kan bel da moto yake sauka.

Ta ƙarshe kafasita, wata 'yar gwangwani ce ta roba mai wayoyi, an ɗaure ta a jikin injin. Kada a taɓa bakin wayoyinta da hannu, tana iya riƙe wuta ko bayan an zare filogi. A ɗauko min hotonta da rubutun jikinta.

Baban Ilham:
Assalamu alaikum, ni ne maigidan, na karɓi wayar. Oga mun buɗe. Bel lafiya, moto yana juyawa da hannu, ba wari, wayoyin ciki jajaye. Ba alamar ruwa. Kashin ɓera ne dai da yawa amma ban ga wayar da ya ci ba. Gwangwanin kuwa waya huɗu ke gare ta, an rubuta 10µF+5µF, 450V. Gefenta ɗaya ya kumbura, har wani abu kamar narkakken kyandir ya fito ya daskare.

Baban Walid, Yelwa:
Allahu akbar. A ba ni lambar yabo. Alhaji, shawarata ka sayi mai 16 ko 20 ka sa, injin zai yi ƙarfi fiye da sabo, har bargo zai murɗa.

Oga Mai Firiji, Wunti:
Lambar yabo taka ce, amma wannan shawarar a'a. Alhaji kada ka ƙara. Kafasita biyu ce a gwangwani ɗaya: mai 10 ta moton wanki, mai 5 ta moton matsa. Shi ya sa matsa ke aiki wanki ya tsaya, rabi ɗaya ne ya mutu. Ka nemo daidai abin da aka rubuta. Lambar bolt ɗin ce kawai ba laifi in ta fi 450, amma kada ta gaza. In ba a samu mai haɗe ba, a sayi guda biyu daban, mai 10 da mai 5, aiki ɗaya ne.

Baban Walid, Yelwa:
Ni na sa babba a nawa kuma yana aiki har yau.

Ɗan Poli, Gwallameji:
Baba zai yi aiki, har ma ka ga kamar ya ƙara kuzari. Moton nan kwail biyu ne a ciki, kafasita ce ke sa wutar ɗayan ta saɓa da ta ɗayan a lokaci, wannan saɓanin ne ke haifar da juyi. Kuma ba tashi kawai take yi ta fita ba, tana cikin layin muddin moto na gudu. In ka ninka ta, wutar da ke bi ta wannan kwail ɗin ta ƙaru fiye da abin da kaurin wayarsa zai ɗauka, sai zafi. Da sanyin hunturu ba za ka lura ba. Bari watan Afrilu ya zo, a yi wanki zagaye uku a jere a tsakar gida. Taɓa jikin motonka bayan minti 15 na taima ka gaya mana, amma ka zare filogi tukuna.

Oga Mai Firiji, Wunti:
Yaron nan ya gama magana. Da yawan motocin injin yanzu ma wayar alminiyon ce a ciki, ba ta jure zafi kamar jan ƙarfe, kuma masu naɗin kwail ba sa son ta. Alhaji, kafin a cire tsohuwar a ɗauki hoton yadda wayoyin suke, launi da launi. In aka juya, aka ba moton matsa mai 10, na wanki mai 5, wanki zai yi rauni, na matsa ya yi zafi. In ba ka saba da haɗa waya ba, ka cire ta ka kai wa duk mai gyaran fanka ko firiji da ke da mita ya auna maka ita da sabuwar, domin akwai sababbin da ba sa kai abin da aka rubuta a jikinsu. Shi ya zo ya haɗa, ya naɗe da kyau, wurin nan danshi ne.

Hajiya Babba, Jahun:
Ni tambayata ɗaya, wancan na farkon da ya ce moto ne, da an ba shi kuɗin me zai canza?

Ummu Sadik, Gida Dubu:
Mama ai a bayyane take. Kafasitar zai canza, ya goge moton da tsumma ya ce sabo ne. An yi wa maƙwabciyata haka.

Oga Mai Firiji, Wunti:
Akwai masu yin haka, ba zan kare su ba. Akwai kuma wanda ba cuta ya yi niyya ba, iya saninsa ke nan, yaro ne da bai gama koyo ba ya buɗe shago, ba shi da ko mita. Shi zai sayo moton da gaske, ya sa, ya ga bai tashi ba, sannan ya canza kafasita a ɓoye don kada ya ji kunya. A wurin mai kaya duk asara ce. Abin da nake gaya wa masu kawo min aiki, duk abin da aka ce ya mutu a buɗe a nuna maka, kuma a bar maka tsohon a hannunka.

Baban Ilham:
Mun samu a cikin gari, mai haɗe, lamba ɗaya. Wani mai gyaran fanka a bakin layinmu ya auna tsohuwar, ɓangaren 10 ɗin ko 2 bai kai ba. Ya haɗa sabuwar. Injin yana juyawa dama da hagu, ruwa har yana tashi. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Maman Ilham, Fadaman Mada:
Amin. Oga tambaya ta ƙarshe, zaren ne ya kashe ta ko ita ce ta mutu da kanta?

Oga Mai Firiji, Wunti:
Kafasita tana tsufa da kanta, zafi da hawa da saukar wuta suna gaggauta ta. Amma injin da ya daɗe yana kokawa da zare da yashi ya fi tara zafi a ciki, don haka ba zan wanke gezar mayafin ba. Kilo 7 ɗin nan kuma nauyin busassun kaya ne da za su iya juyawa a sake, ba duk abin da baho zai ɗauka in an danna ba. Mayafi mai geza da hijabi a sa su cikin rigar filo a ɗaure bakin. In ana zuba ruwa da bokiti a kiyaye saman da maɓallai suke, taima a nan ƙasa take, in ta jiƙa wata rana za ki ga yana juyawa gefe ɗaya kawai. Murfin bayan nan kuma a mayar da shi da sukurorinsa duka, a toshe wa ɓeran hanya, tunda ya riga ya san gidan.

Amaryar Tumfure, Gombe:
Oga na zaro ragar, cike take da yashi, na wanke. Yanzu ruwa na shiga da sauri, ya fara wanki, amma da ya zo matsa sai ya riƙa dukan jikinsa yana tafiya har ya bar inda yake.

Oga Mai Firiji, Wunti:
Amarya wannan wani babi ne. Fara duba ko ƙafafunsa huɗu duk suna taɓa ƙasa, ki kuma baza kayan kada su taru gefe ɗaya. In bai daina ba ki ɗauko bidiyo da sauti ki turo gobe, yanzu an kira isha'i.